Ɗan musanya: Yadda camfin aljanu na Ayilan ya shiga adabin ban tsoro, da abin da ya jawo wa masu naƙasa

A cikin tatsuniyoyin ƙasar Ayilan akwai wani labari da ya daɗe yana yawo: aljanu kan sace jariri lafiyayye daga shimfiɗarsa, su ajiye nasu a madadinsa, mai kama da shi amma ramamme, mai yawan kuka, wanda ba ya tafiya kuma ba ya magana. Wannan shi ne ɗan musanya. A harshen Ayilan ana ce masa iarlais ko síofra, a Turanci kuwa changeling.

Labarin bai tsaya a bakin masu tatsuniya ba. Ya kai mutane gaban alƙali, ya yi sanadin mutuwar yara da aƙalla mace guda baliga, daga baya kuma marubuta da masu shirya fim suka mayar da shi jari. Wannan bayani ya bi sawun camfin tun daga karkarar Ayilan ta ƙarni na 19 zuwa finafinan yau, domin a ga abin da yake yi wa yaron da aka haifa daban da sauran yara.

Su wane ne aljanun Ayilan?

Mutanen Ayilan suna kiran su aos sí, wato mutanen tuddai. Kalmar aljanu ita ce mafi kusa a Hausa, ko da yake asalin aƙidar daban ne. Wasu tsofaffin rubuce-rubuce sun danganta su da Tuatha Dé Danann, wata al'umma ta almara da aka ce an ci ta da yaƙi ta koma zama a ƙarƙashin ƙasa. Bayan zuwan Kiristanci kuma sai wani bayani ya bazu, cewa mala'iku ne da aka koro daga sama amma laifinsu bai kai na shiga wuta ba.

Ba a cika ambaton sunansu kai tsaye ba. Akan ce daoine maithe, ma'ana mutanen kirki, don gudun fushinsu, kamar yadda Bahaushe kan ce mutanen ɓoye. Mazauninsu shi ne kufai, wato tsofaffin gidaje masu kewayen ganuwa da ake kira lios ko ráth, waɗanda manoma suka gina tun farkon zamanin Kiristanci a tsibirin. Masu binciken kayan tarihi sun ƙidaya kusan 45,000. Da yawa sun tsira daga garma ne saboda manoma suna tsoron taɓa su. Ko a 1999, da aikin wata babbar hanya ya biyo ta Latoon a gundumar Clare, mai ba da labarin gargajiya Eddie Lenihan ya yi gargaɗin kada a sare wata bishiyar ƙaya da ake dangantawa da aljanu, kuma an bar ta a tsaye.

Abin da aka sani game da waɗannan aƙidu yana da yawa saboda an rubuta su. Thomas Crofton Croker ya wallafa tarin tatsuniyoyin kudancin Ayilan a 1825, 'yan'uwan nan biyu na gidan Grimm suka fassara shi zuwa Jamusanci a 1826. Jane Wilde, mahaifiyar marubuci Oscar Wilde, ta fitar da nata tarin a 1887, W. B. Yeats ya biyo baya a 1888. A 1935 gwamnati ta kafa hukumar tattara adabin baka, wadda tsakanin 1937 da 1939 ta sa 'yan firamare kimanin 50,000 daga makarantu 5,000 suka rubuto abin da suka ji daga bakin iyaye da kakanni. Kundin yana ajiye a Kwalejin Jami'a ta Dablin, kuma an ɗora babban ɓangarensa a intanet.

Yadda labarin yake tafiya

Zubin labarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Uwa ta ɗan fita ɗebo ruwa, ko ta yi sakaci ba ta yi wa jariri addu'a ba, ko wani ya yabi kyawunsa bai sa masa albarka ba. Da ta dawo sai ta tarar da yaro ya canza. Yana ci ba ya ƙoshi, ba ya girma, fatarsa ta yamushe kamar ta tsoho, kuka dare da rana.

Akwai hanyoyin kariya. Ana gicciya awartakin murhu a kan gadon jariri, domin an yi imani aljanu suna tsoron ƙarfe. Ana gaggauta yi masa baftisma. A da, a wasu yankunan yamma akan sa wa yara maza tufafin mata, bisa zaton cewa maza aljanu suka fi so.

Akwai kuma hanyoyin tona asiri. Mafi shahara ita ce ta ɓawon ƙwai: uwa ta ɗora ɓawon ƙwai a wuta kamar za ta dafa giya a ciki, mamaki ya kama abin da ke kwance a gadon har ya yi magana da muryar dattijo, yana cewa duk tsawon shekarunsa bai taɓa ganin irin wannan ba. Daga nan sai a kore shi. A nan ne labarin yake yin muni, domin hanyoyin korar su ne wuta, da ruwa, da guba: a ɗora shi a kan shebur mai zafi, a ajiye shi a kan juji cikin sanyin dare, a tsoma shi a kogi, ko a yi masa wanka da ganyen wani tsiro mai suna lus mór, wanda sinadarinsa ke iya tsayar da bugun zuciya. A tatsuniya, da zarar an yi haka sai aljanin ya fice ta bututun hayaƙi, ɗan gida ya dawo yana barci lami lafiya. A zahiri kuwa yaro ɗaya ne tak a ɗakin, kuma shi ne ake ƙonawa.

Shari'o'i uku da tarihi ya adana

A 1826 aka gurfanar da wata tsohuwa mai suna Ann Roche a kotun Tralee da ke gundumar Kerry. Ta kai wani yaro ɗan shekara huɗu, Michael Leahy, kogin Flesk safiya uku a jere. Yaron ba ya iya tsayuwa, ba ya tafiya, ba ya magana. A safiya ta uku ta danne shi a ruwa har ya mutu. Abin da ta kare kanta da shi shi ne ba ta yi nufin kashe shi ba, aljanin take son fitarwa. Kotu ta sallame ta.

A 1884 jaridu suka ruwaito cewa wasu mata biyu a garin Clonmel sun shiga wani gida lokacin da uwar ba ta nan, suka tuɓe wani yaro ɗan shekara uku, Philip Dillon, wanda gaɓoɓinsa ba sa aiki, suka ɗora shi a kan shebur mai zafi. Ya samu munanan ƙuna.

Ta ukun ita ce ta fi girgiza duniya. Bridget Cleary 'yar shekara 26 ce, tela mai keken ɗinki na kanta, tana kuma kiwon kaji tana sayar da ƙwai a ƙauyen Ballyvadlea na gundumar Tipperary. Mijinta Michael maƙerin gangunan katako ne, sun yi kusan shekara takwas da aure ba haihuwa. A farkon watan Maris na 1895 ta kamu da zazzaɓi bayan ta kai ƙwai wani gida da ke kusa da kufan Kylenagranagh. Likita ya duba ta a ranar 13 ga wata, ya ce ciwon ƙirji ne mai sauƙi da tashin hankali. Limamin coci ma ya zo. Amma mijin, tare da wani ɗan'uwan mahaifinta da ya shahara da labaran aljanu, sun riga sun yanke cewa wadda ke kwance ba Bridget ba ce.

Daren 14 ga wata maza suka danne ta, suka ɗura mata sassaƙen da aka dafa da madara, suka watsa mata fitsari, suka riƙe ta a kan murhu suna tambayar ta da sunan Allah ko ita ce matar Michael Cleary. Ta amsa cewa ita ce. Washegari da dare, a gaban mahaifinta da danginta, mijin ya kayar da ita, rigarta ta kama wuta, ya zuba mata kananzir. An binne ta a wani ɗan rami, shi kuma ya shafe darare yana jira a bakin kufan, yana cewa matarsa ta gaskiya za ta fito a kan farin doki. 'Yan sanda sun gano gawar ranar 22 ga Maris. A watan Yuli kotu ta same shi da laifin kisan da bai kai na ganganci ba, ta yanke masa shekara 20. An sake shi a 1910, ya yi ƙaura zuwa Kanada. Wasu daga cikin dangin ma an ɗaure su, har da mahaifinta.

Shari'ar ta zo ne lokacin da ake taƙaddama a kan ba Ayilan 'yancin gudanar da harkokinta na cikin gida a ƙarƙashin Birtaniya. Jaridun da ke adawa da hakan suka kafa hujja da ita cewa mutanen da ke ƙona mata saboda aljanu ba su isa mulkin kansu ba. Masaniyar adabin baka Angela Bourke, a littafinta The Burning of Bridget Cleary na 1999, ta nuna cewa abin ya wuce jahilci kawai. Bridget mace ce mai abin hannunta, mai ado, mai faɗin ra'ayinta, a cikin al'ummar da ba ta saba da hakan ba. Zancen aljanu ya ba mijin da ya ji ikonsa na suɓucewa wani harshe da dangi za su fahimta, su kuma yi shiru.

Shin yara masu naƙasa ake nufi?

Tun a ƙarni na 19 likitoci suka fara zargin haka. William Wilde, mijin Jane, likita ne da ya yi aikin ƙididdigar cututtuka a ƙidayar jama'a ta 1841 da ta 1851, kuma ya lura cewa abin da talakawa ke kira bugun aljanu sau da yawa cuta ce da ke ramar da yaro. A 1988 Susan Schoon Eberly ta wallafa maƙala a mujallar Folklore inda ta jera siffofin ɗan musanya kusa da alamomin lalurorin da ake haihuwar yara da su. A 2005 wasu masu bincike suka yi irin wannan kwatanci da otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga, a wata mujallar likitocin yara ta Birtaniya.

Abin da ya sa kwatancin ke da ƙarfi shi ne batun lokaci. Labarin bai ce an haifi yaron a haka ba. Cewa ya yi lafiya lau yake, sai rana ɗaya ya canza. Lalurori da dama haka suke bayyana. Wasu yara masu otizim kan fara furta kalmomi sannan su daina a cikin shekara ta biyu. Shan inna kan shanye ƙafar yaron da jiya yake gudu. Sanƙarau da tarin fuka kan bar yaro ba yadda aka san shi ba. Akwai kuma wata cutar gado da ake taƙaita sunanta da PKU, wadda jiki ke kasa sarrafa wani sinadari na abinci mai gina jiki. Jaririn kan zo duniya kamar kowa, sannan ƙwaƙwalwarsa ta riƙa lalacewa a hankali. Ayilan tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa, kusan jariri ɗaya cikin 4,500, shi ya sa a 1966 ta zama cikin ƙasashen farko da suka fara gwajin jinin kowane jariri. Idan an gano da wuri, sauya abinci ya isa ya kare yaron.

Sai a haɗa da talauci. Yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu kusan miliyan ɗaya suka bar ƙasar. A gidan da kowane hannu ke da aiki a gona, yaron da zai ci ba zai taɓa yin noma ba nauyi ne da ba a iya faɗa da baki. Ba banza ba ne labarin ke nanata cin ɗan musanya da rashin ƙoshinsa.

Duk da haka ba dukkan masana ne suka yarda ba. C. F. Goodey da Tim Stainton sun yi gargaɗi a 2001 cewa ɗora sunayen cututtukan zamani a kan tsofaffin labarai na iya ɓatar da mai bincike, kuma hakan na sa mutanen yau su ɗauka cewa magabata duk azzalumai ne su kuwa wayayyu. Wasu kuma sun nuna cewa camfin yana da wata fuska: ya ɗauke laifi daga kan uwa, ya ba iyayen da ɗansu ya mutu damar cewa yana can da rai a wata duniya, kuma a wasu labaran ana gargaɗin a kyautata wa ɗan musanya don aljanu su kyautata wa ɗan gida. Iyalai masu yawa sun reni irin waɗannan yara har ƙarshen rayuwarsu ba tare da sun shiga jarida ba. Abin da shari'o'in suka tabbatar shi ne cewa a duk lokacin da aka so cutar da yaro, labarin yana nan a shirye ya ce wannan ba ɗanmu ba ne.

Daga bakin murhu zuwa littafi

Ayilan ta ba adabin ban tsoro na Turanci wasu daga cikin ginshiƙansa. Charles Maturin ya wallafa Melmoth the Wanderer a 1820. Sheridan Le Fanu ya rubuta gajeren labari a kan yaron da aljanu suka tafi da shi a 1870, sannan Carmilla a 1872. Bram Stoker ya fitar da Dracula a 1897, shekara biyu bayan kisan Bridget Cleary. Stoker kansa ya yi ƙuruciyarsa a kwance, bai iya tafiya sosai ba sai da ya kai kusan shekara bakwai, mahaifiyarsa Charlotte tana ba shi labarin annobar kwalara da ta gani a Sligo a 1832. Ita ce kuma a 1863 ta gabatar da maƙala a Dablin tana neman gwamnati ta ɗauki nauyin ilimin kurame. Amma a littafin ɗanta, mai taɓin hankali, wato Renfield, an nuna shi yana cin ƙudaje a gidan mahaukata, ya zama ƙofar da mugu ke shigowa.

Wannan ɗabi'a ta zama jinin adabin ban tsoro da finafinansa: jikin da ya bambanta alama ce ta mugunta a ciki. Masanin tarihi Paul Longmore ya yi nazarin hakan a 1985, David Mitchell da Sharon Snyder kuma suka nuna a 2000 yadda marubuta ke dogara da naƙasa kamar sanda don labari ya miƙe, sannan a ƙarshe su warkar da mai ita ko su kashe shi. Wani bincike da mujallar likitocin fata ta Amurka ta wallafa a 2017 ya duba jerin manyan mugaye goma da manyan jarumai goma na finafinan ƙasar, ya tarar shida daga cikin mugayen suna da tabo ko wata alama a fata, abin da ba a samu irinsa a jaruman ba. A 2018 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sanar cewa ba za ta ƙara ba da kuɗi ga fim ɗin da ya yi amfani da tabon fuska a matsayin shaidar mugunta ba. A 2020 kamfanin Warner Bros. ya nemi afuwa bayan masu naƙasar hannu sun koka da yadda aka siffanta hannayen mayu a fim ɗin The Witches.

Matsalar finafinan ɗan musanya

A 'yan shekarun nan masu shirya fim na Ayilan sun koma wa ɗan musanya. A The Daisy Chain na 2008, 'yan ƙauye suna zargin wata marainiya mai otizim da cewa 'yar aljanu ce. A The Hallow na 2015, uba ya haƙiƙance an musanya masa jariri. A The Hole in the Ground na Lee Cronin, 2019, uwa ta fara shakkar ɗanta bayan ya kusanci wani ƙaton rami a daji. A You Are Not My Mother na Kate Dolan, 2021, an juya abin: yarinya ce a arewacin Dablin ke ganin mahaifiyarta mai fama da ciwon damuwa ta ɓace ta dawo wata daban.

Tambayar da ta raba waɗannan ayyuka ita ce: a ƙarshe wa ke da gaskiya? Fim ɗin ban tsoro yana buƙatar dodo na gaske, don haka sau da yawa mai zargin ne ke yin daidai. A The Hallow da The Hole in the Ground, yaron da ake zargi ba ɗan Adam ba ne. Mai kallo ya shafe fiye da awa ɗaya ana koya masa ya karanta alamomi, irin su kallon da ba a saba ba, cin abinci ta wata hanya, motsin jiki, rashin nuna ƙauna yadda aka zata, sannan a ba shi lada da cewa zatonsa gaskiya ne. Waɗannan alamomi su ne yara masu otizim da iyayensu ke rayuwa da su kullum. Masu shirya finafinan ba lallai su yi nufin haka ba, sukan ce tsoron uwa ko gajiyarta suke nunawa. Amma idan aka ajiye irin wannan ƙarshe kusa da bayanan kotun Tralee, abin da yake cewa shi ne Ann Roche ba ta yi kuskure ba, yaron ne ta samu ba daidai ba.

Akwai ayyukan da suka bi wata hanya. Hannah Kent, 'yar Ostireliya, ta gina littafinta The Good People na 2016 a kan shari'ar Michael Leahy. Babu aljani a cikinsa. Abin tsoron shi ne yadda kaka mai makoki, da boka mai neman tsira da mutuncinta, da ƙauyen da ke neman wanda zai ɗora wa laifin ƙafewar nonon shanu, suke lallashin juna mataki-mataki har zuwa bakin kogi. Ko a nan ma masu suka sun lura cewa yaron ba shi da murya, ta idon manya kawai ake ganin sa.

Peadar Ó Guilín ya matsa gaba a The Call, shi ma na 2016. A littafin aljanu sun killace Ayilan, suna fizge kowane matashi zuwa ƙasarsu su yi farautarsa na tsawon yini guda, wanda a duniyarmu minti uku ne da daƙiƙa huɗu, kuma ɗaya cikin goma ne ke dawowa da rai. Jarumar, Nessa, shan inna ya shanye mata ƙafafu, kowa ya ɗauka ta riga ta mutu. Labarin daga cikin kanta ake ba da shi, ba a warkar da ita ba, kuma ba ita ce dodon ba. A wajen Ayilan, fim ɗin A Quiet Place na 2018 ya ba kurmar 'yar wasa Millicent Simmonds matsayin kurma, harshen bebaye kuma ya zama abin da ya ceci iyalin. Wasu masu otizim ma sun karɓe kalmar ɗan musanya suna kiran kansu da ita, suna sake ba da labarin daga bakin wanda aka ajiye a gadon da ba a son sa.

Daga wannan za a iya fitar da ma'auni uku ga duk mai karatu ko kallo. Ta idon wa ake ba da labarin? Naƙasar wani ɓangare ce na rayuwar mutum, ko kuwa shaida ce da ake tarawa a kansa? Kuma idan labarin ya ƙare, wa ya rayu?

Abin da ya maye gurbin aljanu

Raguwar camfi ba ta kawo wa masu naƙasa na Ayilan 'yanci nan take ba. Abin da ya biyo baya shi ne katanga. Wata doka ta 1838 ta sauƙaƙa wa dangi kai mutum gidan mahaukata, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1950 sama da mutum 20,000 ne ke tsare a asibitocin ƙwaƙwalwa, adadin da idan aka auna da yawan jama'a yana cikin mafi girma a duniya. Da yawansu masu naƙasar fahimta ne da ba su da wurin zuwa. Dokar mahaukata ta 1871 ta ci gaba da aiki har sai da sabuwar dokar tallafa wa mutum wajen yanke shawara, wadda aka zartar a 2015, ta fara aiki sosai a Afrilun 2023. Ayilan ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2007, amma ba ta tabbatar da ita ba sai 2018, ta zama ta ƙarshe a Tarayyar Turai.

Inda labarin ya taɓa mu

Mai karatu Bahaushe ba zai ji wannan labari baƙo ba. Ana hana barin jariri shi kaɗai a ɗaki don kada a musanya shi, ana kuma ajiye wuƙa a kusa da kansa, ƙarfe dai kamar na Ayilan. Yaron da wuyansa bai tsaya ba, ko ya wuce lokacin zama bai zauna ba, akan ce ɗan ruwa ne, kuma har yau ana jin masu ba da shawarar a kai shi bakin kogi ya koma wurin danginsa. Sunan shan inna kansa daga aƙidar cewa wata aljana ce ke shanye ƙafar yaro ya samo asali. Yarbawa suna da abiku, Ibo suna da ogbanje. A arewacin Ghana, binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas na 2013 ya fallasa masu haɗa guba don kashe yaran da aka kira 'ya'yan iskoki, kuma a shekarar sarakunan yankin Kasena-Nankana suka ayyana haramta al'adar.

Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa tun 2010, shekara takwas kafin Ayilan. An sa hannu a dokar hana nuna musu wariya a Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020, sannan a Janairun 2023 dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. A takarda ba a bar mu a baya ba. Amma tarihin Ayilan ya nuna cewa ɗan musanya ya fi samun wurin zama a gidan da uwa ta ga ɗanta ya canza, ba wanda ya gaya mata sunan lalurar, ba kuma wanda zai taya ta ɗaukar nauyin.  Masu rubuta littattafai da shirya finafinan aljanu a Kano suna fuskantar zaɓin da takwarorinsu na Dablin suka fuskanta, hukumomin lafiya na jihohi kuma suna da nasu: ko uwar da ɗanta ya kai shekara biyu bai yi magana ba za ta samu ma'aikacin lafiya da zai duba shi a asibitin da ke kusa da ita, kafin ta samu wanda zai nuna mata hanyar kogi.